Robar Kawu Sammani da babban yatsana

Ku yi haƙuri da rubutuna, yatsan nan bai gama dawowa ba, dama kuma ni ba wani boko na yi ba. Labarin Kawu Sammani zan ba ku, ƙanen babarmu, duk mai injin ban-ruwa daga Kura har Bunkure ya san shi. Aikinsa ɗaure tiyo. Tsohon tub ɗin babur yake yankawa siri-siri ya rataya a wuya, in tiyonka na yoyo ya zo ya nannaɗe shi ke nan. Da robar nan ya yi aure da ita ya aurar. Kujerarsa roba, takalminsa roba, rediyonsa ma roba.

Ƙaramin yatsansa na hagu guntu ne. Kullum cewa yake kunama ce ta harbe shi a gonar tumatir yana saurayi, ya ɗaure tamau ya bar shi kwanaki, dafin ya rasa hanyar zuciya ya huce a kan yatsan. Ni ne ma kan gaba wajen yaɗa labarin.

To ranar yankan shinkafa, ni uban iya yi, lauje a hannu ido a kan masu tallan kunu, sai ji na yi caraf a babban yatsa. Na yi ihu kamar akuya. Kawu ya zaro roba ya ɗaure ni kamar tiyo, jini ya tsaya cak. Na dinga zagaye gona ina nuna wa mutane. Zuwa yamma yatsa ya kumbura ya yi duhu ya yi sanyi, ciwon ma ya ɗauke, na ce ai na warke. Yayata Saude ce ta gani ta ce warkewar gidanku, ta ɗora ni a babur sai asibiti, Kawu na biye yana mita.

Malama Kubra ma'aikaciyar wajen ko gaisuwa ba ta tsaya ba, ta sa almakashi ta datse robar. Da jinin ya dawo na ji kamar an zuba min barkono, na kira sunan babarmu a gaban 'yan mata. Ta ce naman mutum ƙananan ƙwayoyi ne birjik da ido ba ya gani, jini ne ke kai musu iska da abinci, in an tare shi su galabaita, in an daɗe su mutu, kuma wanda ya mutu ba ya tashi. Nawa sai an jira an gani.

Ta juya wajen Kawu. "Baba, in an rufe muku ruwa tumatir ya yi yaushi fa?"

"In an buɗe da wuri ya miƙe. In ya bushe ko dam ɗin Tiga ka juye masa a banza."

Yana faɗa sai ya kalli guntun yatsansa ya daɗe. Can ya tambaya a hankali ko kunama na cin yatsa. Ta ce ita dai ba ta taɓa gani ba.

Nawa ya miƙe, farcen ne ya fita, bakin kuma har yanzu ba ya jin taɓi, shi ya sa nake ta danna harafin da ban yi niyya ba a waya. Kawu na nan yana ɗaure tiyo. Yanzu in mutum ya yanke tsumma mai tsabta yake danna masa. Labarin kunama kuwa yana bayarwa, amma da ya zo inda ta harbe shi sai ya ce bari ya duba inji.