Ƙyallaye Uku a Gonar Sadi

Duk Talata Mafara an san Taiba da daddawa, an kuma san mijinta Sadi da naci. Mutum ne da in ya kama magana, sai kai ka gaji ka ba shi gaskiya.

Shekarar da ɗorayin yankin suka yi ta mutuwa, kalwa ta yi wa Taiba wuya, Sadi ya ce shi sai ya gano irin da ke jure fari. Ya tafi Damaga ya samo iri, ya tafi Birnin Tudu, ya ƙara da na tsohuwar ɗorawar bayan gari. Ya shuka layi uku, ashirin-ashirin. Da yake bai iya boko ba, sai ya yago bakin tsofaffin zannuwan Taiba ya ɗaura wa kowane layi nasa: ja, shuɗi, ruwan ɗorawa.

Shekara shida yana auna su da sandarsa. Kullum ya dawo sai ya tsaya bakin turmi yana zuba mata labari, wane layi ya miƙe, wane ya bushe. Ita kuwa tana daka tana cewa "to". Wani lokacin ta ce masa, "Malam, itace ba ɗiya ba na, ka barni in yi aiki."

Zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi bara da kaka.

Bana layin ja ya tsaya da bishiya goma sha bakwai, sun wuce tsayin mutum. Shuɗi saura biyar, ɗayan layin babu ko ɗaya. Abdulhamid malamin gona ya zo har gida, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce manoma na son a ɗebo musu irin jan layin daga inda Sadi ya samo shi kafin damina, don waɗannan ba za su yi 'ya'ya ba sai nan da shekaru.

"Inna, jan layin ga, irin wane gari na?"

Taiba ta san jan zanen sarai. Ranar sunan ɗiyarsu Nazifa ta fara ɗaura shi, Sadi ne ya sayo mata. Ta yi ta lalube a ranta, muryarsa tana nan, garin ne babu. 

"Ya hwaɗa mani," in ji ta. "Ya hi sau ɗari yana hwaɗa mani."