Karan Rogon Da Na Jefa A Murhu

Na roƙi malamin unguwarmu ya rubuta mini wannan, don ni ban iya riƙe alƙalami ba. A lokacin da abin ya faru ni magidanci ne a Kademi, mai taurin kai, ina noman gonar da na gada. Gero da dawa na sani, duk abin da kakana bai shuka ba kuwa ina ganinsa raini ne ga ƙasa.

Wata shekara ƙanena farke ya dawo daga kudu da jakunansa, ya sauke mini damin wasu karare masu gaɓa-gaɓa. Ya ce sunansa rogo, karan ake sokawa a ƙasa, abincin ya fito ta saiwa. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na tambaye shi ko rana ce ta taɓa shi a hanya, don ban taɓa jin mai hankali ya shuka itace ba. A gabansa na watsa damin bakin murhu, na ce a dafa mini tuwo da shi. Ya ja jakunansa ya fita. Har yau idan na tuna fuskarsa sai kunya ta rufe ni.

Ashe uwargidana ba ta ƙona ba. Ta sossoka su a bayan gida, ta ce mini danga take gyarawa saboda awaki. Da suka yi ganye nakan tsokane ta, in ce dangarta ta fi gonata kyau.

Damina ta zagayo, gero ya fid da kai, sai fara ta sauka. Kafin la'asar gonaki daga nan har Gafasa sun zama karare tsaye. Rumbuna ya ƙare, yara suka daina wasa. Na yanke shawarar mu bar gonar ubana mu nufi Gaya neman abin kai wa baki, ina faɗa ina hawaye. Matar nan ta miƙo mini fartanya, ta ce maigida ya daure ya tone mata dangarta kafin a tafi. Na sara a fusace, sai ga saiwa kamar damtsena. Na sake sara, ga wata. Ta dafa, ta barbaɗa gishiri da ƙuli, yara na ci suna tsalle, ni kuma na zauna a ƙasa ina ci ina dariya kamar zautacce. Ba mu tafi ko'ina ba. Washegari na taka har gidan ƙanena na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma ranar ce dai ta taɓa shi.

Ba kowane sabon abu ne alheri ba, na sani. Amma jama'a, ku gwada kafin ku ƙona. Yau mutanen gari ni suke zuwa roƙon kara, ina ba su, uwargida na daga ɗaki tana tambaya ko na girki ne.