Ƙanena Sai-na-gwada

Ƙanena mai gyaran wuta ne, kuma tun yana ƙarami ake ce masa Sai-na-gwada. Ko Mama ta ce ruwa ya yi zafi, sai ya tsoma yatsa. Ni ne mai karatun gidanmu, shekara goma sha ɗaya ina koya wa ɗalibai yadda ake gina hujja. Shi kuwa daga aji uku ya ajiye littafi, ya bi wani tsohon mai wayarin yana riƙe masa tsani. Amma duk maganar da ta taso a gida, Baba zai saurare ni har in dasa aya, ya gyaɗa kai, sannan ya ce a kira ƙaramin. Ba zan ɓoye ba, abin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin bene, wayoyi na reto, testar gwada wuta a bayan kunne. Doka ɗaya gare shi: ba ya canza abu biyu a lokaci guda, wai in abin ya gyaru ba zai san wanne ne mai laifin ba. Ni da dogon suna nake koyar da wannan a allo. Shi bai ma san yana da suna ba.

Bara wutar gidan Baba ta fara ɗaukewa da safe, babban makunnin ya riƙa faɗuwa da kansa. Akwai wani tela da ke haya a ɗakin ƙofar gida. Lokacin muna hutu, sai na sa ido. Sau tara ta ɗauke, kuma duk sau taran keken lantarkin tela yana aiki. Na zauna gaban Baba na jera masa hujja daki-daki: abin da kullum yake nan lokacin ɓarna shi ne sanadi, keken tela kullum yana nan, saboda haka tela ne. Baba ya ce malam ya yi magana, tela ya nemi wani ɗakin. Bai ce a kira kowa ba. Ranar har abinci ya fi mini daɗi.

Washegari sai ga ƙaramin, ashe Mama ce ta aika masa. Ya saurare ni da ladabi, yana murza testarsa.

"Yaya, ranar da tela bai buɗe ba fa, ta ɗauke?"

Na ce wannan ba ya cikin maganar. Gaskiya kuwa ban duba ba.

"To bari in gwada," in ji shi.

Ya kashe komai na gidan, ya shiga kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Fanka, lafiya. Firji, lafiya. Ya ce tela ya taka kekensa, ya taka har ya gama hannun riga, wuta ko gezau. Sai ya tambayi Mama me kuma ake kunnawa wajen ƙarfe goma. Ta miƙo butar lantarkin da Baba ke dafa ruwan shayi, wadda ni na saya masa, nake kuma ambatonta ga duk baƙon da ya zo. Yana jona ta, makunnin ya faɗi. Wayarta ce ta ci daga ciki. Lokacin shayin Baba shi ne lokacin da tela ke buɗe shago.

Da dariya ya yi mini, da na samu abin riƙewa. Maimakon haka sai ya ce wa Baba ai ni na gano lokacin, ba don ni ba da ya yini yana lalube. Wannan rufin asirin ya fi komai ƙona mini zuciya. Baba ya dubi butar, ya miƙa wa ƙaramin, ya ce in je in ba tela haƙuri tunda ni na iya tsara magana.

Da aka koma makaranta, na ba ɗalibaina labarin keke da buta, don su gane cewa zuwa tare ba shi ne sanadi ba. Ban taɓa ganin sun fahimci darasi da sauri haka ba. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambayi wane masani ne ya yi gwajin, tana so ta rubuta sunansa.

Na ce mata na manta.