Gashin Malam Garba a aljihuna

Har gobe ba na mantawa da ranar da aka kama ni da gashin majinyaci a aljihu. Lokacin ana aikin dam ɗin Bakolori, ina ɗalibar jinya a wani asibiti a Talata Mafara. Kunya ta yi mini yawa, ba na iya kallon fuskar babba. Majinyatana ma ta hannu da ƙafa na san su, ba ta fuska ba.

Aka kawo Malam Garba, manomi daga Damaga, sa ya soke shi a ciki. Likita ya ɗinke hanjin, ya hana shi ci da baki, sai abinci ta jijiya a cikin ƙarin ruwa. Makonni suka wuce, ɗinkin yana tsiyaya, mutum yana ƙarewa.

Ni ke goge masa jiki. Na ga fatar yatsunsa tana saɓulewa, gashi yana zuba a matashi. Nan take na yanke wa kaina hukunci: sabulun da nake sa masa ne. Kafin zagayen safe, wato lokacin da Likita da Sista ke bin gadaje mu ɗalibai muna baya, sai in tsince gashin in cusa a aljihu.

Wata safiya mahaifiyarsa ta damƙe hannuna.

"Ke ɗiyar nan! Wane boka za ki kai ma gashin ɗana?"

"Inna, wallahi sabulu ne," na ce, ina kuka.

"Sabulu ka cin gashi? Sista, zo ki gani!"

Ihunta ya jawo Likita. Ya sa na zazzage aljihuna a gaban kowa. Ya duba yatsun, ya ɗaga gashin bakin Malam Garba, ga ƙuraje jawur.

"Tun yaushe?"

Na faɗa wa takalminsa amsa.

Ya ce babu ruwan sabulu. Sinadarin zinc ne ya ƙare a jikinsa. Hanji mai tsiyaya yana zubar da shi, ruwan da muke sa masa ba shi da shi, kuma idan babu shi nama ba ya haɗewa. Aka aika Sakkwato aka samo, aka riƙa zubawa a ruwan. Sannu a hankali ɗinkin ya bushe, har Malam Garba ya sha kunu.

Ku ƙannena a wannan aiki, gani rabin jinya ne, sauran rabin baki ne. Abin da kuka gani ku faɗa, ko da kuna zaton ku za a kama.

Ranar sallama Inna ta sa mini albarka sosai. Sannan ta miƙo hannu ta ce in ba ta gashin.