Tatsuniyar Kakata a Rikodar Makaranta

Shin Malam ya rufe tagogin ajin nan kuwa, kamar yadda ya yi mini alkawari? Ban taɓa tambayarsa ba, yanzu kuma babu shi. Ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta wannan. Ina faɗa ina share hawaye, don watan mijina biyar ke nan a ƙasa.

A wani ƙauye kusa da Adabka na tashi, a ɗakin kakata wadda ta haifi Inna. In an ci tuwo an yi sallar lisha, sai ta tura karan dawa a murhu, mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya yi tsit.

"Ke ƙawata, matso nan," in ji ta. "Wanda duk ya yi barci, gobe shi ka wankin tukunya."

Wadda na fi so ita ce ta tsohuwa mai wuta. Ruwan sama ya kashe wutar gari duka, sai ta tsohuwar nan ta rage. Mutane suka yi ta zuwa da kasko, tana korarsu, wai in aka ɗiba tata za ta ƙare. Maƙwabciyarta kaɗai ta samu garwashi ɗaya, shi ma da kyar. Tsohuwa ta kife tukunya kan sauran don kada a gani. Da safe ta buɗe, sai toka. Ta ɗauki kasko ta nufi gidan maƙwabciya, kanta a ƙasa.

Kaka tana da doka ɗaya: ba a tatsuniya da rana, mai yi ɓacewa yake a daji. Na riƙe wannan har gidan aure.

Mijina, Malam, shi ne hedimasta a wata ƙaramar firamare a ƙasar Bukkuyum, shekarun da aka ce kowane yaro sai ya shiga makaranta. Shekara uku a jere babu yaronsa ko ɗaya da ya ci jarrabawar shiga sakandare. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, manoma su kai gona, Fulani su tura kiwo. Malam ya rame. Ya ce in bana ma haka ta faru, benci kawai zai rage yana koya wa.

A shekarar aka aiko musu da rikoda mai batir da kaset-kaset na Turanci. Ya kunna wa yara, suka zuba mata ido kamar an kawo kura. Ba wanda ya gane komai. Wata rana da yamma sai ga shi da ita gida, a naɗe cikin rawaninsa.

"Asabe, tatsuniyar kakarki nika so ki zuba cikin abin ga. Su ji da Hausa, su rubuta abin da sunka ji. Wanda ya iya rubuta tashi, zai iya ta wani."

"Yaushe za su ji?"

"Da hantsi."

Na ce sam. Muryata ce za ta yi tatsuniya rana tsaka, ga 'ya'yan mutane a zaune.

"Haba, uwar gida. In ma akwai mai ɓacewa, rikoda ce, kuma ta gwamnati ce."

Na yi dariya, amma ban yarda ba sai bayan kwana uku, da na ga ya bar tuwonsa a kwano. Na kafa masa sharaɗi: in zai kunna, a rufe tagogi aji ya yi duhu, sai an gama a buɗe su rubuta. Ya ce ya ji. Da dare na hura wuta, na zauna yadda Kaka ke zama, na fara. Sau biyu yana gogewa saboda akuya ta sa baki.

Ni ban taɓa shiga ajin ba. Shi ke ba ni labari cewa yakan tsayar da kaset a tsakiya ya ce kowa ya rubuta ƙarshen da kansa. Wata 'yar ruga, Hajo, ta rubuta cewa maƙwabciya ta hana tsohuwa wutar, ita ma ta ɗanɗana. A shekarar yara uku suka ci, har da Hajo. Da lokacin girbi ya yi, ubanta ya kawo ƙannenta biyu makaranta, haɗe da ƙwaryar nono.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan kan rowa take. Sai da na tsufa na ga ni ma na kusa kife tukunya kan abin da Kaka ta bar mini, ba don rowa ba, don tsoro.

Malam ya daɗe da yin ritaya kafin ciwo ya kwantar da shi. Ranar da zai cika, da safe aka buga ƙararrawar makaranta. Ya ce in leƙa in ga ko yaran suna da yawa. Na leƙa, na ce masa hanya ta cika, har ana ture-ture. Na kama ƙyaure zan ja saboda ƙura.

Ya ce, "A'a, Asabe. Bar shi buɗe, in ji wucewarsu."