Ƙyauren da Ba a Sa wa Makulli

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, na ɗan samu abin hannu a Maradi, sai kaina ya kumbura na ce lallai sai na gyara gidanmu na Dakoro. Tagogin katako duk gara ta ci ƙasansu, ƙyamaren ɗakuna kuwa sai ka ɗaga da kafaɗa kafin su rufu. Na kira mai walda ya ƙera na ƙarfe, aka shafe su da shuɗin fenti, kowanne da makullinsa. Ina ta kai da komo da tarin makullai a aljihu, ina jin kaina wani babban mutum.

Har da ɗakin da ke jikin zaure na canja wa ƙyaure. Ɗakin nan na abokin mahaifina ne, wani dattijo makiyayi daga wajen Tagriss. Tun kafin a haife ni, in ya kawo dabbobi kasuwa nan yake sauka. Ba ya aiko da saƙo, ba ya neman izini. Sai dai mu ga takalmansa a bakin ƙofa, mahaifiyata ta ƙara hatsi a turmi. Tsohon ƙyauren ba shi da ko sakata, da 'yar igiyar fata ake ɗaure shi.

Da aka cire shi, mahaifiyata ta ce, "Wanga dai ka bar shi." Na ce, "Haba Inna, zamani ya wuce nan." Sai ta sa aka jingine shi bayan rumbu.

Ranar wata kasuwa da hantsi muka tarar da ƙunshin cuku a zaure, busasshen nonon nan da dattijon ya saba kawo mana tsaraba, amma babu mai shi. Mahaifiyata ta dubi cukun, ta dubi shuɗin ƙyaurena a kulle, ta ce, "Ya zo, ya iske ka ruhe mishi ƙohwa. Yanzu cewa zai yi zumunci ya bi ubanka kushewa." Mutumin nan shi ya riƙe mana awaki shekarar da fari ya hana kowa sakat, bai karɓi ko sisi ba.

Na ruga kasuwar dabbobi. Na same shi a gindin wata bishiya yana hura gawayin shayi, jakarsa a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi kowa har da kaji, amma bai ce uffan kan ɗakin ba. Ni kuma da dabarata na zaro makulli na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ga naka. Ɗaki naka ne."

Ya juya shi a tafin hannu, ya mayar mini.

"Ɗana, ubanka bai taɓa ba ni wanga abu ba. Mai haya aka ba makulli. Ni kau gida nika zuwa."

Na sha shayin da ya ba ni, na dawo gida da makullina. Mahaifiyata tana ganina ta nuna bayan rumbu da baki.

Kafintan unguwarmu ya sha dariya da ya ji labari, don shi na ƙi ba wa aikin tun farko. Ya yanke inda gara ta ci, ya yi ƙari da sabon katako, ya kankare sauran har asalin launin icen ya fito, sannan ya shafe shi da baƙin mai saboda gara. Muka ɓalle na ƙarfen, muka mayar da tsohon ƙyauren mazauninsa. Da ya tambayi inda za a kafa kwaɗo, mahaifiyata daga tsakar gida ta ce, "Bisa bakin mai gidan."

Ban aika wa dattijon ba, don na san aike ma wani nauyi ne a wurinsa. Kasuwa ta zagayo bai zo ba, wata ta sake zagayowa shiru. Na fara cire rai. A ta gaba ina fitowa da safe na ji tari daga ɗakin. Na yi sallama, ya leƙo yana duba hannun rigarsa.

"Wane mugun ne ya labta ma ƙyaure mai haka? Ga shi ya ɓata mini riga."

Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Abin da na koya shi ne, akwai mutanen da ba za su taɓa buga maka ƙofa ba. In suka tarar da ita a kulle, sai su yi maka uzuri su juya, kai kuma kana can kana yabon fentinka. Dattijon ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa da mahaifina. Duk ƙyamaren gidan na ƙarfe ne ban da wannan, baƙi har tambaya suke ko kuɗi ne suka ƙare mini. Ni dai dariya nake yi, domin ɗan dattijon ne ke kawo dabbobi yanzu, kuma bai taɓa tambayar kowa inda zai kwana ba.