Saƙon Yaya a hanyar Arlit

Ni ban taɓa yin gudu don motsa jiki ba. Gudun da na sani shi ne na bin akuya in ta ja zanen da na shanya, ko na zuwa sauke tukunya kafin ta kama. Abin da na sani game da dogon gudu a bakin maigidana na ji shi, kuma da ƙorafi ya fara.

Shekarar da aka rufe ramin haƙar ma'adini na Akokan, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aiki a ƙarƙashin ƙasa, Malam ya dawo gida ya zauna. Da fari na ji daɗi. Ga shi a zaure, ga butar shayi a kan gawayi, ga abokan aikinsa na da suna ta maimaita hirar rami. Amma sai tabarma ta riƙe shi. Ciki ya fito, wuya ya yi kauri, ya riƙa dafe ƙeya yana cewa kansa na sarawa. Da muka je likita, ma'aikaciyar ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta duba, ta kwance ta sake ɗaurawa. Na leƙa na karanta lambobin, don na koyi lamba a karatun manya, amma a fuskarta na gane abin da suke nufi. Ta ce tansiyo ne, wato hawan jini, kuma ya hau sosai. Ta ba da magani, ta ce a rage gishiri da shayi.

"Baba," in ji ta, "ka tashi daga zaune. Ka fara da tafiya, in jiki ya saba ka ɗan riƙa sassarfa. In ba haka ba, wata rana faɗuwa za ka yi, ɓarin jiki ya shanye."

Babban ɗanmu ya aiko masa da takalman gudu daga Agadas. Malam ya fara da tafiya kamar yadda aka ce. Ranar da ya fara gudun, a cikin unguwa ya yi, kuma bai kai bakin masallaci ba mutane suka firfito. Dattijo da furfura yana gudu da sassafe, ai ba lafiya ba. Mai shayi ya bar teburinsa ya biyo shi yana tambaya ko gobara ce. Wani ɗan kabu-kabu ya sha gabansa ya ce, "Baba, hau mana in kai ka! Ina ne?" Daga ranar ya koma bayan gari, kan hanyar da ta nufi Arlit.

Wanda ya san hanyar nan ya san ba abin kallo a cikinta. Fili ne shimfiɗe, sai tsakuwa, sai turakun wuta a jere, sai tulin ƙasar da aka tono daga rami can nesa kamar dutse. Malam ya ce ka yi ta gudu, tulin nan ba ya matsowa.

In ya dawo nakan miƙa masa ruwa in ce, "Malam, ya hanya?"

"Tana nan inda na bar ta. Ke, ban taɓa ganin abin gundura irin wannan ba. A rami ko duhu ne akwai mai yi maka magana. Nan fa? Daga ni sai numfashina."

"To sauran masu gudun me suke yi?"

Ya ce sojoji waƙa suke yi, ɗaya na bayarwa saura na amsawa. Samari kuwa sun toshe kunne da kiɗa, ko sallama ba sa ji. Akwai abokinsa, tsohon direban motar ma'aikata, wanda ya ce shi gida yake ginawa a ransa kullum, daga tushe, in ya kai rufi sai ya juyo. Malam ya gwada, ya ce shi tun a tushe magina suka watse. Ya gwada tasbihi, haki ya hana. Ya gwada ƙirga turaku, da kamiyo, babbar motar kaya, ya wuce sai lissafi ya ɓace. Ya tafi da ƙaramin rediyo, ya dawo ransa a ɓace da labaran duniya, na ce wannan ai ƙara tansiyon zai yi.

Sannu a hankali ya fara tsallake kwana. Yau ƙafa, gobe iska. Daga baya takalman suka koma ƙarƙashin gado. Ban yi masa faɗa ba, ba halina ba ne, kuma ba ya jin magana ta wannan hanyar. Amma wata Juma'a aka rako shi daga masallaci, jiri ya ɗebe shi yana tashi daga sujada. Na shimfiɗa masa, na zauna ina yi masa fifita, maganar ma'aikaciyar nan tana ta dawo mini.

Malam yana da yaya mace a ƙauyensu, wajen Maradi. Tun da jikanta ya nuna mata inda ake dannawa a salula a yi magana, ba a kwana biyu ba ta aiko saƙon murya ba. Yaya ba ta farawa da kan magana. Sai ta gaida kowa a gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi zafi, ta tambayi ruwa, ta ba da labarin kajinta, ta miƙa wa duk wanda ke tsakar gida ya gaisa, sannan can a ƙarshe ta faɗi abin da ya sa ta aiko. Malam ba ya iya zaman sauraro. Kullum ni yake miƙa wa: "Ki ji, ki gaya mini kan maganar."

A kwanakin nan ɗiyar Yaya tana da tsohon ciki, muna ta jiran labari. Wata safiya bayan asuba saƙo ya shigo, dogo. Malam ya miƙo mini salular. Hannuna na cikin ƙullin fanke, mai na kan wuta, masu saye sun fara sallama.

"Yau kam ba hali, Malam. Ga abin kunnen da ɗiyarka ke sauraron salula da shi can a kan taga. Nan hayaniya ba za ta bar ka ka ji ba, ka ɗan taka waje."

Ya yi guna-guni, ya janyo takalman ya kakkaɓe su, ya fita.

Sai da rana ta ɗaga ya dawo, jiƙe sharkaf, yana murmushi. "Ta sauka lafiya, namiji ne. Amma sai da na hango gidajen Arlit kafin Yaya ta faɗa."

Da la'asar abokinsa direba ya zo zaure, dariya ta hana shi sallama sosai. Ya ɗaga murya don in ji daga ciki.

"Maman yara, mijinki fa ya fara magana shi kaɗai! Ina bayansa, ba kowa a hanya, sai ji nake, 'Lafiya lau. Sai godiya. Suna lafiya. Za su ji.' Can kuma sai na ga ya ja birki, ya cire hula, ya durƙusa a bakin hanya. Wani mai kamiyo ya tsaya, ya diro da gorar ruwa, zatonsa faɗuwa ya yi!"

"To Kawu ne Yaya ta miƙa wa salular," in ji Malam. "Kawu na gaishe ni, in wuce shi a guje?"

"Kawun da ke Maradi?"

"Muryarsa fa, tana ina?"

Na yi dariya har na zubar da gishirin da ke hannuna.

Tun daga nan aka hana ni taɓa saƙon Yaya. Ko da azahar ya shigo, ajiye shi yake sai safiya. Ranar da babu sabo ya maimaita tsoho, ya san ma inda za ta tsaya ta kori kaza. Na tambaye shi ko gudun ya daina gundurarsa. Ya ce hanyar dai ba ta sake ba, amma mutum ba ya lura da ita in ana yi masa magana.

Da muka koma awo, ma'aikaciyar ta duba sau ɗaya kawai. Ta ce tansiyon ya sauka, a ci gaba da magani, kuma duk abin da yake yi kada ya bari.

Don murna, washegari ya danna ya ba Yaya amsa yana cikin gudu, yana haki tsakanin kowace kalma. Yaya ta ji hakin, hankalinta ya tashi. Ta aiko saƙon da ya fi kowane tsawo: a dafa masa zoɓo, a ba shi tafarnuwa, ni kuma in daina barinsa da yunwa. Sannan ta bi gida-gida tana miƙa salular, kowa na yi masa sannu da jiki. Malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana amsawa, "Yauwa, da sauƙi, na gode," har ya tsinci kansa a tsakiyar kasuwar Arlit. Ya dawo mini da burodi mai zafi a hammata.